Ƙuri'ar Injin Niƙa

Ni tela ne, kuma a shekarun da sabis ɗin waya ya iso Zuru shagona yana bakin layinmu, daidai inda 'yan kabu-kabu ke juya baburansu. Wayata ta farko ba ni na saya ba. Wana soja ne ya zo hutu ya bar mini tasa, wata 'yar ƙarama mai tocila a ka, wai don ya riƙa jin lafiyar tsohuwarmu. Na karɓa ina washe baki, har na ɗinka mata jaka da ragowar yadin wani. Da na san wahalar da za ta jawo mini, da na ce ya koma da abarsa bariki.

Layinmu haɗin gambiza ne. Akwai Hausawa, akwai Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, yawancinsu manoma da tsofaffin sojoji, akwai kuma Ibo masu shaguna. Ubana Bahaushe ne, uwata 'yar Lelna ce, ga shi kuma zama da masu kawo ɗinki ya koya mini Turancin kasuwa. Saboda haka duk lokacin da aka yi taron layi ni ne tafinta. Ba wanda ya naɗa ni, kawai dai idan magana ta cije sai ka ga an juyo ana kallona.

Aikin tafinta ya sa na lura da yadda kowa ke yin shawara a cikin danginsa. Dangin ubana ba sa musa wa babba a gaban jama'a. Za a ce masa haka ne, a watse, sannan bayan la'asar wani dattijo ya sa hularsa ya je gaisuwa, ya bi ta nan ya bi ta can har maganar ta sauya ba tare da kowa ya ji kunya ba. Dangin uwata a ƙauye kuwa zama suke yi, ko wuni za a yi sai kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, amma idan aka tashi an tashi, wanda ya sake tono maganar ya raina mutane. Su kuma Ibo na sha jin taronsu na ranar Lahadi ta bayan katangar shagona. Ihu kamar za a doku, sai a ce a ɗaga hannu, a ƙirga, a fito ana dariya, wanda aka kayar ya tafi ya shirya wa taron gaba.

Kowace hanya a cikin ukun nan tana da mafita ga wanda bai gamsu ba. Mu da muka tashi haɗa namu taron sai muka aro ɗaga hannu daga Ibo, muka aro kara daga Hausawa, muka aro "an tashi an tashi" daga Lelna, muka baro mafitar kowa a gidansa. Mun daɗe ba mu gane ɓarnar da muka yi ba, don abin da muke tattaunawa bai wuce yashe kwata da maganar mai gadi ba.

A tsakiyar layin akwai wani ɗan filin unguwa, a nan wata mata 'yar Lelna ke da rumfar injin niƙa. Mama mai niƙa muke ce mata. Mijinta soja ne, ya tafi Saliyo bai dawo ba, sai unguwa ta ba ta aron filin ta kafa inji. Da injin nan take ciyar da 'ya'yanta, da shi take tura su makaranta. Ba mace ce mai daɗin baki ba, kada in yi mata ƙarya. In ka kawo dawa da tsakuwa a ciki sai ta wanke ka tas, har da wanda ya aiko ka. Amma ba gidan da bai ci tuwon garinta ba, kuma in mace ta zo hannu wayam sai ta niƙa mata tana mita.

Ana saura kamar shekara guda zaɓen 2007, wani Alhaji ɗan layinmu, mai cinikin hatsi, ya gama gidan sama a jikin filin. Shi ma ba mugu ba ne. Shi ya rufa masallaci, shi ya sa aka gyara mana taransifoma, da cocin ƙarshen layi ta tashi gini ma ya aika siminti. Ya ɗauko tsohuwarsa daga ƙauye ba ta da lafiya, tagar ɗakinta kuwa tana kallon injin. Ya ce ƙara da hayaƙi sun hana ta sakat, don haka a mayar da injin bayan gari, yana da wani kango a can zai ba Mama kyauta. Kowa ya san ba macen da za ta ɗauki hatsi ta wuce injina biyu ko uku ta je har can. Tayar da injin daga filin nan daidai yake da kashe shi.

Da Alhaji ya so, da ya je wurin mai unguwa an gama maganar a rana ɗaya. Amma lokacin siyasa ne, yana da ɗan takarar kansila da yake goya wa baya, rediyo kuma ba ta da zance sai dimokuraɗiyya. Ya ce shi ba zai yi wa kowa ƙarfa-ƙarfa ba, a kira taro ranar Asabar ta sama, jama'a su yanke da kansu.

Washegari ina yanka wata shadda wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Filashin ke nan, wato ka kira ni, ni ba ni da kati. Na duba na ga Saja ne, wani tsohon soja ɗan Lelna da gidansa ke kusa da shagona, wanda ko tari ya yi ina ji. Na kira shi.

"Tela, kai kaɗai ne?"

"Ni kaɗai ne, Baba Saja."

"Wannan abu da za a yi wa matar nan ba gaskiya ba ne. Ni da mijinta bariki ɗaya muka zauna."

"To Baba, ai sai ka tashi ka faɗa ranar taro."

Ya rage murya. Sannan ya ce, "Ka san yarona yana neman soja, Alhaji ne ya ce zai sa baki. Kai ne bakinmu, kai ka faɗa. Amma na haɗa ka da girman uwarka, kada sunana ya fito."

Na yi masa alkawari. A gaskiya ma abin ya ɗan yi mini daɗi, na ji ni ma wani ne a layin nan.

Kafin azahar Oga mai kemis ya kira. Shi Ibo ne, ba ya filashin, amma yana magana da sauri kamar ana bin sa a guje. "Tela, a garinmu ba a taɓa matar soja wanda ya mutu. Wannan abu ba kyau. Amma ni baƙo ne, shagona na Alhaji ne. Ka gane? Ni ban kira ka ba fa." Bayansa sai ladaninmu: "Wallahi Tela, abin ga bai yi man daɗi ba. Marayu na fa. Amma ka san mu da Alhaji, sai dai addu'a. Amana na ba ka." Haka aka yi ta yi. Mai gyaran keke ya kira, malamin firamare ya kira, matan aure suka riƙa zuwa wurin masu lemar kiran waya su biya su kira ni, alhali in sun leƙo ƙofa suna hango keken ɗinkina. Har ƙanin Alhaji, uwa ɗaya uba ɗaya, ya kira ni ya ce tsohuwar ma ba ta jin ƙarar sosai, kunnenta ya yi nauyi, Yaya ne dai ya ɗauki abin da zafi. Shi ma ya ɗaure ni da amana kafin ya kashe.

Kafin mako ya zagayo, waɗanda suka ce mini suna bayan Mama sun fi rabin layin nesa ba kusa ba. Kowannensu kuma yana zaton shi kaɗai ne. Ni ɗaya tal na san cewa masu rinjaye ne, ni ɗin kuma kowa ya ɗinke mini baki.

Na fara neman hanya. Duk wanda ya sake kira sai in ce, "Ba kai kaɗai ba ne fa, kuna da yawa." Ya ce, "Su wa?" In ce ba zan iya faɗa ba. Ya ce, "To ka gani." In roƙe shi ya yarda in faɗa wa mutum ɗaya kacal sunansa, ya ce a'a, in fara faɗa masa sunan wancan tukuna. Wata rana na yi dabara, na aika wa Saja cewa wandonsa ya yi, na aika wa mai kemis ya zo a sake auna shi. Suka zauna kan benci ɗaya a shagona, na jefo maganar injin a tsakiya. Saja ya ce Allah dai ya kyauta. Mai kemis ya ce gaskiya ne. Daga nan suka koma zancen tsadar taki, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba har da girgiza kai. Ji na yi kamar in haɗa kawunansu in gwara.

Na je wurin wani dattijo wanda tun muna yara shi ke sa hula ya je gaisuwa in magana ta karkace. Na zauna a ƙasa na ce, "Baba, jama'a fa ba su ji daɗin maganar injin nan ba. Ko za ka ɗan leƙa Alhaji?" Ya dube ni ya ce, "Wace jama'a? Ni ba wanda ya tako zaurena. In da akwai masu ƙorafi ai da na ga takalmansu. In je in ce wa Alhaji mi? In ce tela ya ce an ce?"

A hanyar komawa shago na gane abin da wayar nan ta yi mana. Da can, mai ƙorafi sai ya tashi da ƙafarsa ya je ƙofar wani. Za a gan shi, a ga na biyu, a ga na uku, kafin magariba layi ya san inda aka dosa ba tare da kowa ya furta ba, har babban ma labari ya kai masa ya sassauta da kansa. Yanzu kuwa mutum zai shiga ɗaki ya rufe, ya juye damuwarsa a kunnena, ya fito sakayau yana ganin ya sauke nauyi. Nauyin kuwa bai je ko'ina ba, yana kaina.

Kwanakin nan na sha wuya. Abinci ya daina shiga. Na yanka wa wani mutum hannun riga biyu duka na dama. Da wayar ta yi ƙara sai in ji kamar in yi jifa da ita, ga shi ba dama in kashe ta don kada wana ya nemi tsohuwa ya rasa. Matata ta ce ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in haƙura. Na ce nawa cikin ba rumbun unguwa ba ne. In na bi ta filin kuma Mama na nan fari fat da gari, tana zagin yaro kan tsakuwa. Sai in gaishe ta in ƙara sauri.

Ranar Asabar bayan la'asar muka taru ƙarƙashin mangwaron ƙofar mai unguwa. Mama ta zo da zanenta na coci, ta zauna gefe kan kujera 'yar tsugune. Alhaji ya yi bayani cikin natsuwa, ya kawo haƙƙin iyaye, ya kawo kangon da zai bayar. Ni na juya maganarsa zuwa C'lela, yaren Lelna, saboda tsofaffi, kuma na juya ta daidai, don tafinta ba ya rage wa mutum zance ko da ba ya sonsa. Mama ta ce ita ba ta da ta cewa, filin na unguwa ne, abin da unguwa ta ce shi ke nan, amma a tuna da yara. Mai unguwa ya ce, "Akwai mai magana?"

Ba wanda ya motsa. Sai wayata ta girgiza a aljihu. Na ɗan zaro ta na duba, Saja ne. Na ɗago kai, ga shi zaune yana fuskantata, hannunsa ɗaya cikin riga, idonsa a kan wata tururuwa. Ta sake girgiza, ladan. Ta sake, malamin firamare. Mutane suna zaune gabana ƙiri-ƙiri suna zungurina ta aljihu in tashi in yi musu yaƙi.

Na tashi. Na ce ina roƙon kada a ɗaga hannu yau. A kawo ƙwarya biyu a ajiye bayan tabarma, a ba kowa ƙwayar gyaɗa, ya zaga ya jefa inda ransa ya kwanta. Alhaji ya yi mamaki, kuma na yarda mamakin gaske ne. Ya ce, "Mi ya kawo ɓoyo, Tela? Mu da munka tashi wuri guda? Ko akwai munahukai cikinmu?" Taro ya amsa baki ɗaya, "Babu!" Har da muryar mai kemis, ta ma fi ta kowa fita.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, mafi yawan mutanen da ke zaune nan ba sa son a tashi injin nan. Sun faɗa mini da bakinsu."

"Su wa?"

"Amana suka ba ni."

Alhaji ya miƙe ya juya yana duban jama'a ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Jama'a, ni ba ni son zalunci. Wallahi ko mutum biyu sunka tashi yanzu sunka ce ba su yarda ba, na janye, in canza ma tsohuwa ɗaki."

Ban taɓa roƙon mutane da ido kamar ranar nan ba. Na dubi Saja, mutumin da ya sha ba mu labarin yadda ya tsaya ƙarƙashin ruwan harsashi. Na dubi ladan, na dubi ƙanin Alhaji. Kowa na jiran wani ya fara. Sunayen suna nan a bakina, kiris ya rage. Amma na san in na faɗa, yaron Saja ya rasa, mai kemis ya tattara kwalabensa, kuma kafin haka ma kowannensu zai rantse bai taɓa kira na ba. Wayar da ta dame ni ta yi tsit a aljihu.

Sai wani daga baya ya ce, "Haba, maganar tela? Wanda zai ce maka gobe ka zo, jibi ka zo, har Sallah ta wuce?" Aka fashe da dariya, dariyar mutanen da aka sauke wa kaya. Mai unguwa ya ce a ɗaga hannu. Ni aka sa in ƙirga, kamar kullum. Na bi hannuwan nan ɗaya-ɗaya, na san abin da mai kowane hannu ya faɗa mini. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba, hannuna ne kawai a sama. Mama ko ɗagawa ba ta yi ba. Mai unguwa ya ce jama'a sun yanke, an ba ta zuwa ƙarshen wata, in faɗa mata da yare don ta ji da kyau. Na faɗa mata.

Ban kai shago ba aka fara filashin. Saja na kira, don shi na fi jin haushi. Ya ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗana." Na ce, "Baba, ƙoƙarin me? Mutum biyu fa aka nema! Ku zo gobe mu je wurin mai unguwa a sake zama." Ya ce, "Ka san an tashi. Abin da taro ya yanke ba a komawa." Na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa sa'an uba, na kashe. Ladan ya ce ƙaddara ce. Mai kemis ya ce a garinsu da sai a sake kawo maganar wata mai zuwa, amma nan ba garinsu ba ne. Duk inda na juya akwai al'adar wani tsaye ta tare hanya.

Ranar da za a kwashe injin, da hantsi, aka kawo a-kori-kura. Maza suka fito taya ɗauka, yawancinsu waɗanda suka kira ni ne, suna ta "a hankali, a hankali," suna yi wa Mama sannu. Ita kuwa ba ta zagi kowa ba, abin da ya fi komai tayar mini da hankali ke nan. Da aka ɗaure inji da langa-langar rumfa, ta yafito ni gefe. Da C'lela ta yi mini magana, kamar yadda 'yan'uwan uwata ke yi in abin na gida ne.

"Ɗana, na gode da abin da ka faɗa a taro."

"Mama, ba ni kaɗai ba ne. Wallahi suna da yawa."

"To faɗa mini ko mutum ɗaya. Ba zan gaya wa kowa ba. So nake in san akwai ƙofar da zan iya tsayawa in sha ruwa in na biyo ta layin nan."

Saja yana tsaye bayanta, bai fi taku kaɗan ba, yana kaɗe gari daga rigarsa. Na tabbata ya ji. Na tsaya ina jiran ya ɗago kai, ya ci gaba da kaɗe rigar.

Mama ta jira ni har direba ya yi hon. Sannan ta dafa hannuna ta ce, "Bar shi, kada ka wahalar da kanka. Na daɗe a layin nan, yau na san matsayina. Kai dai Allah ya yi maka albarka da ka tashi gaban mutane ka yi ƙarya saboda ni." Ta hau gaban mota, suka tafi.